Gida Ma Littafi Ne

Akwai wata magana da mu kan ji a bakin waɗansu 'yan'uwanmu, wai tarihi na sarakuna ne da yaƙe-yaƙe, ƙaramin gidan ƙauye ba shi da labarin da za a bincika. Mu dai ba mu yarda ba. A ganinmu gida da filinsa littafi ne, sai dai ba kowa ya iya karanta shi ba. Ga shaidarmu.

A ƙasar Ingila, kamar mil 16 daga tsakiyar Landan, akwai wani gida a bakin ƙauye, ana ce da shi Down. Ba fada ba ne, a cikin 1842 filinsa duka bai wuce eka 18 ba. Cikin 1842 Charles Darwin, masanin nan na dabbobi da tsire-tsire, ya koma can da iyalinsa, ya zauna shekara 40, har ya mutu cikin 1882. Daga baya gidan ya zama makarantar 'yan mata cikin 1907, sa'an nan gidan tarihi cikin 1929. Da hukumar adana kayan tarihi ta karɓe shi cikin 1996, sai ta so ta mai da shi kamar yadda ya ke a zamanin mai shi. To, ƙaƙa za a san wannan? Sai masu bincike suka bi wasiƙun iyalin da tsofaffin hotuna, suna gwada su da abin da ya ragu a wurin.

Amma takarda kaɗai ba ta isa ba, gani ya kori ji. Hanyar da ta bi ta gaban gidan ta yi ƙasa, domin Darwin ne ya sa aka haƙe ta, aka gina katangar dutse, kada masu wucewa su riƙa leƙensa. Cikin 1846 ya yi hayar wani ɗan fili, ya dasa itatuwa, ya kewaye su da turba, inda ya kan zaga kullum yana tunani. Wanda ya taka turban nan ya san halin mutumin fiye da wanda ya karanta kawai.

Abin da ya fi ba mu mamaki shi ne wannan. Cikin 1842 aka watsa gutsattsarin alli a wani sashe na filin. Cikin 1871, watau bayan shekara 29, aka haƙa rami, sai ga allin ya yi layi, inci 7 ƙarƙashin ƙasa. Wa ya binne shi? Tana ce, da ƙasar da ta ke fitarwa kaɗan kaɗan. Ashe ƙasa ma tana da nata lissafi, tana ajiye abin da mutane suka manta.

Wani zai ce, ai wannan gidan shahararren mutum ne, na garuruwanmu kuwa babu wasiƙu, babu hotuna. Gaskiya ne, amma wannan shi ya kamata ya sa mu gaggawa. Ginin ƙasa in an bar shi, damina kaɗan ce ya koma tudu. Tsoho kuwa in ya faɗi, da labarinsa za a rufe shi. Gardamar iyakar gona nawa ta kai gaban alƙali don ba wanda ya tuna wanda ya dasa tsamiyar da ke kan iyaka?

Saboda haka ga shawararmu. In an yi hutu, kowa ya zaɓi tsohon gida guda a ƙauyensu. Ya auna filin da taki, ya zana taswirarsa. Ya durƙusa gaban dattawa ya tambaya: wa ya kafa zauren, wa ya haƙa rijiyar, a zamanin wane sarki? Kada ya tsaya ga bakin mutum ɗaya, ya nemi na biyu. In ya zo rubutawa, ya ware abin da ya gani da idonsa daga abin da aka gaya masa. Mu da za mu koyar da yara gobe, in ba mu iya binciken gidan kakanmu ba, da wane baki za mu ba su labarin duniya?