Abin da Madubi Ba Ya Nunawa: Kyamarar Ribas da Lafiyar Iyalinku

Idan aka ambaci haɗarin mota, hankalin yawancinmu kan tafi ga babban titi da gudun wuce sa'a. Amma akwai wani nau'in haɗari da ke faruwa a ƙofar gida, mota na tafiyar da ba ta fi ta mai ƙafa sauri ba, kuma sau da yawa wanda ke riƙe da sitiyarin uba ne, ko uwa, ko yayan yaron da aka taka. Wannan shi ne haɗarin ribas. Ra'ayina a kai a fili yake: duk motar da ba ta zo da kyamarar baya ba, ya kamata a sanya mata, kuma a lissafa kuɗin a cikin hidimar lafiyar iyali, ba a cikin kayan ƙawa ba.

Kowace mota tana da wani fili a bayanta da direba ba ya iya gani, ko ta madubi ko ta waiwaye. Girman filin ya danganta da ƙirar motar da tsawon direban. An fi zargin manyan jif-jif, amma ƙananan motocin tsere masu ƙofa biyu, irin waɗanda samari ke sha'awa, su ma suna da tasu matsalar. Kujerar direba a ƙasa take sosai, gilashin baya ƙarami ne kuma a kwance, ginshiƙan gefensa masu kauri ne, ga but mai tudu, wani lokaci har da fiffike a kansa. Yaro ɗan shekara biyu da ke tsaye dab da bamba ba zai bayyana a kowane madubi ba, shi kuwa bai san ma'anar farar fitilar da ta kama a gabansa ba. Abin da ya sani kawai shi ne Baba zai fita, shi ma yana son ya bi shi.

A Amurka an daɗe ana ƙirga irin wannan haɗari. Hukumar kula da lafiyar ababen hawa ta ƙasar ta bayyana a shekarar 2014 cewa kimanin mutum 210 ke mutuwa, wasu 15,000 kuma su ji rauni a kowace shekara sakamakon mota ta taka su da baya. Kashi 31 cikin ɗari na mamatan yara ne 'yan ƙasa da shekara biyar, kashi 26 kuma dattawa ne masu shekara 70 zuwa sama. Dokar da ta haifar da gyara tana ɗauke da sunan Cameron Gulbransen, yaro ɗan shekara biyu da mahaifinsa, wanda likitan yara ne, ya taka da baya a harabar gidansu a jihar New York cikin 2002. An sa wa dokar hannu a 2008, kuma daga watan Mayun 2018 ya zama tilas kowace sabuwar ƙaramar mota a ƙasar ta nuna wa direba fili mai faɗin kusan mita 3 da tsawon mita 6 a bayanta. Ku lura da wannan: likitan yara ne, mutumin da aikinsa kare rayuwar yara. Ba sakaci ne ya ci shi ba, abin da ido ba ya iya kaiwa ne.

Abin da ya sa zancen ya shafe mu kai tsaye shi ne, yawancin motocin da ke shigowa ƙasashenmu na hannu ne, kuma da dama an ƙera su tun kafin waccan doka ta fara aiki. Ga shi kuma a gidajenmu tsakar gida ɗaya ce wurin ajiye mota da wurin wasan yara, namu da na maƙwabta.

Akwai kuma marasa lafiya da kyamarar ke yi wa amfani na musamman. Mai fama da amosanin wuya, da mai ciwon baya, da wanda aka yi wa tiyata kwanan nan, da mai juna biyu da cikinta ya tsufa, duk waiwaye yana yi musu wuya, don haka sukan taƙaita shi ba tare da sun ankara ba. Binciken wata cibiya ta kamfanonin inshora a Amurka ya nuna cewa kyamarar baya tana rage haɗarin ribas da kusan ɗaya cikin shida, kuma amfaninta ya fi yawa ga direbobi dattawa.

To, yaya ake sanya ta? Aikin ba shi da sarƙaƙiya, amma yana son nutsuwa. Ana ɗaura kyamarar a tsakiyar bayan mota, galibi a saman lamba. Ana ɗaukar mata wuta daga wayar fitilar ribas, ta yadda za ta kama da kanta da zarar an sa giyar baya. Sai a ja wayar hoto zuwa gaba, a haɗa da allon rediyon motar idan yana karɓa, ko da wani ƙaramin allo da ake maƙalawa a kan madubin ciki. Akwai masu aiki ba tare da wayar hoto ba, sun fi sauƙin ɗaurawa, amma hotonsu kan yanke ko ya makara, kuma daƙiƙa ɗaya ba ƙaramin lokaci ba ce idan akwai yaro a baya. Ni dai na fi karkata ga mai waya.

Idan kun kai motar wurin mai wayarin, ku nemi abubuwa huɗu. Na farko, ya cire kan batir kafin ya taɓa komai. Na biyu, kada ya bi da waya ta gaban jakunkunan iskan da ke ɓoye a ginshiƙai da gefen rufi, domin waya a nan na iya hana su buɗewa yadda ya kamata ranar da aka buƙace su. Na uku, ya nisanta kyamara da wayarta daga salansa, abin da ya fi muhimmanci a motar tsere, inda zafi ya yi yawa kuma komai a matse yake. Na huɗu, ya rufe duk mahaɗar waya da kyau, ya toshe hujin da ya yi don kada ruwan damina ya shiga. Ku zaɓi kyamarar da ba ta jin ruwa kuma tana gani da dare, tunda fitar asuba da dawowar magariba su ne lokutan da gani ke raguwa.

Kafin ku biya kuɗin aiki, ku gwada. Ku ajiye jarka mai tsawon ƙaramin yaro dab da bamba, sannan a kusurwar dama da ta hagu, sannan a nesa kaɗan. Idan akwai inda ta ɓace daga allo, a gyara zaman kyamarar. Ku kuma tabbatar abin da ke dama ya fito a dama, kamar yadda madubi ke nunawa.

Wani zai ce kyamara tana sa direba lalaci, ya daina waiwaye. Akwai gaskiya a wannan magana. Gilashinta mai faɗin gani yana sa abu na kusa ya yi kama da na nesa, ƙurar hunturu ko taɓo na iya rufe ta, kuma ba ta ganin yaron da ke tahowa a guje daga gefe sai ya shigo filinta. Amma wannan hujja ce ta gyara ɗabi'a, ba ta barin na'ura ba. Ku zagaya motar kafin ku shiga. Ku san inda kowane yaro yake, a sa babba ya riƙe hannun ƙananan. Ku sauke gilashi, ku kashe rediyo, ku goge idon kyamarar, sannan ku ja baya a hankali kuna duban allo da madubi da kafaɗa.

Idan kuwa abin ya riga ya faru, kada tashin yaro ya yi tafiya da ƙafarsa ya ruɗe ku. Ƙirjin ƙaramin yaro yana da taushi, yana iya lotsawa ya dawo ba tare da haƙarƙari ya karye ba, alhali huhu ko hanta ko saifa sun ji rauni, jini na zuba a ciki. A kai shi asibiti nan take, ba wurin mai ɗori ba. Kada a ba shi abinci ko ruwa, domin ana iya buƙatar tiyata. A kiyaye kai da wuyansa kada su motsa, a danne inda jini ke fita da tsumma mai tsabta. Amai, yawan barci, kumburin ciki, numfashi sama-sama ko sanyin hannu da ƙafa alamu ne na gaggawa.

Mai motar da ya iya sayen sababbin tayoyi masu ƙyalli da manyan lasifikoki ba zai rasa kuɗin kyamara ba. Hausawa sun ce da-na-sani ƙeya ce, a baya take. Ku sa wa motarku ido a ƙeyar tun yau, kuma kada ku daina amfani da naku idanun.