Hauhawar matsin ciki

Hauhawar matsin ciki wani yanayi ne da matsin da ke cikin tumbin mara lafiya yake ƙaruwa har ya danne ƙoda, hanji da manyan jijiyoyin jini. An fi ganinsa ga waɗanda ke kwance a ɗakin kulawa ta musamman. Ga babban mutum da ke irin wannan ɗaki, matsin yakan tsaya tsakanin 5 da 7 a ma'aunin mmHg. Idan ya kai 12 ya ƙi sauka, an shiga hauhawa. Idan ya wuce 20 kuma wata gaɓa ta fara gazawa, rai na cikin haɗari.

Dalilai

Jini ko ruwa da ya taru a ciki, kumburin hanji, da ƙarin ruwa mai yawa da ake yi wa wanda ya zubar da jini, duk suna haddasa shi. A Jihar Zamfara waɗannan dalilai ba baƙi ba ne: raunin harbi daga hare-haren 'yan bindiga a yankunan Tsafe da Bungudu, haɗarin mota a hanyar Funtuwa zuwa Gusau, da fashewar hanji sakamakon zazzaɓin taifod. Masu irin wannan rauni akan tura su Gusau, zuwa asibitin tarayya ko Asibitin Ƙwararru na Yariman Bakura, kuma duk jinkirin hanya ƙarin kumburi ne.

Illa da gwaji

Ƙoda ce kan fara nunawa, fitsari ya ragu. Daga nan huhu ya takure, jinin da ke komawa zuciya ya yi ƙasa. Abin damuwa shi ne taɓa ciki da hannu ba ya isa a gane shi. Gwajin kuwa ba ya buƙatar tsadadden inji: ana zuba ruwan gishiri da bai wuce mililita 25 ba cikin mafitsara ta robar fitsari, mara lafiya na kwance rigingine, sannan a auna.

Magani

Ana fara da zuƙe abin da ke cikin tumbi ta hanci, a tsiyaye ruwan da ya taru, a taƙaita ƙarin ruwa. Idan hakan bai yi ba, sai a buɗe cikin da tiyata a bar shi a buɗe na ɗan lokaci. A nan likitoci kan ɗinka tsaftatacciyar ledar ƙarin ruwa a bakin yankan, dabarar da ta samo suna daga birnin Bogota na ƙasar Kolombiya.