Mai gadin da ba ya jin yaren ɓarawo

A ranar 19 ga watan Yuni na 2025 gwamnatin Nijar ta bayyana mayar da kamfanin SOMAIR na Arlit mallakar ƙasa, bayan da kamfanin Orano na Faransa ya daɗe yana riƙe da kashi 63.4 cikin ɗari na hannun jarinsa. Tun daga nan bakin jama'a bai huta ba a kan shari'a da farashin yuraniyom da hanyar fitar da shi. Ni kuwa wata ƴar tambaya ce ta tsaya mini a rai: kamfanin da albashinsa da odar kayan gyaransa da lissafin hajarsa duk suke tafiya a kan kwamfuta, wa zai kwana yana gadin waɗannan na'urori, kuma da wane harshe?

Masu neman wannan aiki suna da yawa. Akwai wata kasuwa da ake kira MDR a taƙaice, wadda za mu iya kira gadin na'urori na haya. Kamfani ya biya kuɗi, sai a dasa wata manhaja a kowace kwamfutarsa, ita kuma ta riƙa aika rahoto zuwa wani zaure mai nisa inda ƙwararru suke zaune dare da rana. In suka hango motsin da bai kwanta musu ba, su katse na'urar daga sauran, su kira mai ita. CrowdStrike da Arctic Wolf da Sophos da Orange Cyberdefense duk suna cikin masu cin wannan kasuwa, kuma gasar ta yi zafi har manya na haɗiye juna: a watan Fabrairu na 2025 Sophos ya kammala sayen Secureworks a kan dala miliyan 859. Kowane da tallarsa, kusan iri ɗaya: mun fi saurin gani, mun fi saurin kashe wuta.

Saurin ba abin raini ba ne. Sai dai ɓarawon intanet ba kasafai yake fasa katanga ba, sallama yake yi a buɗe masa ƙofa. A watan Nuwamba na 2022 kamfanin Group-IB da sashen tsaro na Orange sun fitar da rahoto a kan wani gungu da suka laƙaba wa suna OPERA1ER, wanda ya sace aƙalla dala miliyan 11 daga bankuna da kamfanonin sadarwa tsakanin 2018 da 2022, kuma Nijar na cikin ƙasashen da abin ya shafa. Makaminsu na farko wasiƙa ce da Faransanci, wadda ta yi kama da sanarwar ofishin haraji ko tallar guraben aiki. Wato da harshe aka fara cin ma'aikaci kafin a ci na'ura.

To, Arlit ba da Faransanci kaɗai take magana ba. Garin ya tashi ne a kan ma'adinai, ya tara mutane daga kowace kusurwa, kuma Hausa ce ta zama gadar da ke tsakaninsu, ga Tamajak a gefenta. Takardar ofis da Faransanci ake rubuta ta, amma umarnin gaggawa, irin "a tura wa mai mota kuɗinsa yanzu", sau da yawa ta WhatsApp yake zuwa, kuma da murya. A nan ne nake ganin mai gadin haya ya zama kurma.

Mu ɗauki ko rubutaccen saƙo ma. Kalma ɗaya tana iya fitowa a matsayin kuɗi, ko kudi, ko kuɗɗi kamar yadda Hausar yamma take ninka baƙin, ko koudi a hannun wanda ya koyi rubutu da ƙa'idar Faransanci. Haka shi da chi, haka ciki da tchiki. Matatar da aka gina don kamo kalmomin zamba na Ingilishi ba ta san waɗannan abu ɗaya ba ne. Akwai kuma abin da ya fi rubutu zurfi. Akawun da ya yi shekara goma da shugabansa ya san yadda yake gaisuwa, ya san ko mato yake cewa ko mota, ya san ba zai faɗa cikin maganar kuɗi ba tare da tambayar iyali ba. In saƙo ya zo da Hausar Kano tsantsa da sunan mutumin Adar, kunnen ɗan gari zai tsaya. Wannan ilimin karin harshe ne da muke karantawa a aji, kuma a nan ya zama kayan tsaro, alhali babu shi a cikin kwangilar.

Ban ce a kori ƴan kasuwar waje ba. Horar da masu gadin da za su yi karɓa-karɓa awa 24 abu ne mai tsada, kuma ba a yin sa cikin shekara guda. Amma dogaro da na nesa yana da nasa haɗari. Ranar 19 ga Yuli na 2024 kuskure ɗaya a sabuntawar manhajar CrowdStrike ya durƙusar da na'urorin Windows kimanin miliyan 8.5, a ƙiyasin Microsoft. Garin da ke da nisan kusan kilomita 240 daga Agadas ya kamata ya tambayi abin da zai faru ranar da layi ya yanke.

Tunda masu sayarwa suna rububi, mai saye ne ke da wuƙa da nama. Duk wata ma'aikata ta Arlit ko Akokan ko Cirozerin da za ta sa hannu a irin wannan kwangila, ta sa sharaɗin cewa a cikin masu amsa kira akwai mai jin Hausa, kuma gargaɗin da za a aiko wa ma'aikata ya zo cikin harshen da suke yanke shawara da shi. Kundin sake gina ƙasa na watan Maris na 2025 ya ɗaukaka Hausa zuwa harshen ƙasa, saboda haka buƙatar tana da madogara.

Namu aikin kuwa, ƴan'uwa ɗalibai, shi ne tara saƙonnin zamba da ke yawo a wayoyin mutanen arewacin ƙasar, na rubutu da na murya, a goge sunaye da lambobi, a tsara su bisa karin harshe da salon rubutu da dabarar lallashi. Kundin digiri na biyu ne sukutum, kuma duk kamfanin da ya ce zai yi gadin Arlit sai a zaunar da shi a gwada manhajarsa da wannan taska kafin a biya shi ko dala.