Gyaran Gida: Kafin a Fasa Bangon Tsakiya

'Yan'uwa, iyali ya ƙaru, ɗaki ya yi kaɗan, sai maigida ya ce zai fasa bangon tsakiya, ɗakuna biyu su zama ɗaya. To, tsaya tukuna, ɗaga kai ka duba. In kawunan azara ko katakon rufi suna kwance bisa bangon nan, shi ke ɗauke da rufin. Ko yaran ajina sun san abin da ya auku sa'ad da Samson ya ture ginshiƙai biyu.

Kira magini. A yi aikin da rani, gama soron ƙasa in ya sha ruwa nauyinsa ƙaruwa yake yi. A fitar da yara da kaya. A gitta katako mai kauri ƙarƙashin azara, wannan gefe da wancan, a tokare shi da itatuwa miƙaƙƙu. Kowane tokari ya zauna bisa faffaɗan katako, don kada ya nutse cikin daɓe. Sai ya matse sarai, sa'an nan a soma rushewa daga sama, sannu sannu.

Inda mutane suka fi kuskure shi ne gaggawar cire tokari. Kankaren da aka zuba da rodi a madadin bangon yakan yi kwana 28 kafin ya yi ƙarfi sosai. Uwargida ta yi haƙuri da itatuwa a tsakar ɗaki har ranar.