Ƙyallin Kwana Goma: Raddi Ga Masu Cewa Shafe Mota Kwalliya Ce Kawai

Masu karatu ku yi mini afuwa, babin da kuke jira zai ɗan dakata yau, domin akwai maganar da ta tokare mini maƙogwaro tun makon jiya, in ban amayar da ita ba alƙalamina ba zai tafi daidai ba.

A wajen wani ɗaurin aure na haɗu da abokin ƙuruciyata, dillalin motoci. Muna kan tabarma ana jiran liman, hira ta kai mu ga sana'arsa, sai ya ce da ni yana dariya, "Malam marubuci, ai mota amarya ce, ba a kai ta ɗakin miji babu lalle. Mu mai kawai muke shafa mata, ido ne ke saye." Jama'a suka bushe da dariya. Ni ban yi ba, don ni idona ya taɓa saye, aljihuna ya biya.

A daminar 2022 na tattara ɗan abin da littattafai suka kawo, na haɗa da adashin maiɗakina, na sayi wata baƙar Corolla a wani wurin sayar da motoci a nan Kano. Da yamma aka nuna mini ita, a ƙarƙashin rumfa. Wallahi a jikin ƙofarta na ga fuskata har da furfurar gemuna. Kwana goma a tsakani, bayan ruwan sama biyu da wanki ɗaya da yara suka yi mata da omo, sai ga wata motar daban a ƙofar gidana. Bonet ya cika da siraran karce kamar saƙar gizo-gizo, ga wani dogo tun daga ƙofar baya har but. Na koma wurin wanda ya sayar mini, ya dube ni ido cikin ido ya ce, "Alhaji, ai yaranka ne suka karce ta." La'ada kuwa ta riga ta shige aljihu.

Wani tsohon mai fenti ne ya zaunar da ni ya yi mini karatun, daga baya na bi na ƙara bincikawa. Fentin motar zamani hawa-hawa ne. Akwai na ƙasa mai kama ƙarfe, sai mai launi, sai wani garai-garai kamar gilashi a sama, wanda shi ke ba da sheƙi kuma shi ke tare zafin rana. Dukkansu in an haɗa ba su cika wuce maikiron 100 zuwa 150 ba, wato kusan kaurin fallen takarda ɗaya, na saman kuwa wajen 40 zuwa 50 ne. Yawancin ƙananan karce a wannan na saman suke tsayawa. Abin da ya sa ido ke ganinsu shi ne gefen karcen yana watsa haske, shi ya sa suka fi tona asirin baƙar mota.

To, abin da muke haɗawa mu kira folish, ashe ba abu ɗaya ba ne. Akwai mai ɗan gari-gari a ciki, wanda yake cin fentin sama kaɗan har ya daidaita da gindin karcen. Wannan gyara ne na gaskiya, sai dai duk sanda aka yi fentin na ƙara sirancewa, ba ya kuma tofowa kamar gashi. Akwai kaki, wanda mafi shahararsa shi ne karnuba, ana samunsa daga ganyen wata bishiya mai kama da giginya a arewa maso gabashin Brazil, ba ya narkewa sai zafi ya haura digiri 80. Aikinsa kariya ne, yana ɗan rufe ƙananan tabo, ya yi 'yan makonni ko 'yan watanni ya tafi. Sai na ukun, wanda kamfanoni ke kira gilez: mai ne da 'yar lallausar ƙasa, yana shiga cikin karcen ya cike shi, haske ya daina watsuwa, ido ya ga sumul. Karcen yana nan daram a ƙasa. Sabulu mai ƙarfi ko wanki kaɗan sun isa su kwashe shi. Wannan aka shafa wa tawa motar.

Kada a fahimce ni a baibai. Ba da kwalba nake faɗa ba. Kamfanin Meguiar's tun 1901 yake wannan sana'a a Amurka, da man goge kayan katako ma ya fara, kuma masu yin gilez ba sa ɓoye cewa cikewa yake yi na ɗan lokaci. Mutumin da ya shafa wa motarsa don ya kai amarya ko ya je gaisuwar sallah, Allah ya ba shi lafiyar hawa. Har ma ina ba masu mota shawarar su riƙa sa kaki kafin hunturu, su kuma hana yara goge ƙurar safe da busasshen tsumma, don ƙurar nan yashi ce, kowace guga karce ce.

Faɗana da wanda ya shafa da safe don ya sayar da yamma, ya kuma yi gum. Abokina ya ce lalle ne. Ina! Kowa ya ga lalle a ƙafar amarya ya san lalle ne, ya san zai goge, babu wanda aka ce masa da shi aka haife ta. Amma mai sayen mota ɗauka yake fentin ne haka, a kan haka ya yi ciniki, a kan haka ya ƙara kuɗi. Bambancin kwalliya da algus ke nan, shi dillalin ma ya sani, in ba haka ba me ya sa ba ya yarda a wanke motar kafin a biya? Me ya sa kullum a inuwa ake nuna ta?

Kuma abin ba sabo ba ne. Malamanmu sun karantar da mu hukuncin wanda ya ƙi tatsar akuya ko raƙuma kwanaki don hantsarta ta cika, mai saye ya zaci mai yawan nono ce. Hadisin yana cikin Bukhari da Muslim: an hana yin haka, an kuma ba mai saye zaɓi, ko ya riƙe ko ya mayar da ita tare da sa'i ɗaya na dabino. Ku duba da kyau, mai akuyar nan bai buɗe baki ya yi ƙarya ba, ya dai shirya abin da ido zai gani na 'yan kwanaki. To mene ne bambancinsa da mai kwalbar gilez?

Za a ce karce ne kawai, ai ba inji ba ne. Haka ne, ni ma motata tana tafiya har yau. Amma hannun da ya saba ɓoye ƙarami ba ya jin nauyin ɓoye babba. Da yawa daga motocin da ake shigowa da su daga Amurka a gwanjon Copart da IAA ake sayo su, inda kamfanonin inshora ke sayar da waɗanda suka yi haɗari ko ambaliya ta cinye. A buga ƙarfe, a cika da fila, a fesa fenti, a bi da mai, sai ka ji ana rantsuwa ko ƙuda bai taɓa sauka a kanta ba. Sheƙin nan shi ke hana ka sunkuyawa ka duba ƙasa.

Mu marubuta ma ba mu fita ba, gara in faɗa kafin wani ya faɗa mini. Sau nawa muka sa bango mai ɗaukar ido, yarinya ta biya kuɗinta, ta je gida ta tarar da shafi takwas babu, ko tawada ta dushe? Fankam-fankam dai ba shi ne kilishi ba. Kuma mu masu saye muna da namu kason, domin mun fi son a ce motar tana ƙyalli a kan a ce lafiyarta ƙalau.

Ga abin da na koya da kuɗina. Kada ka duba mota da yamma ko a rumfa, a fito da ita tsakiyar rana, ko ka haska tocilan waya a karkace. Ka tafi da ɗan sifirit da aka sirka da ruwa da tsumma mai laushi, ka nemi izini ka goge tafin hannu ɗaya a bonet, in gilez ne nan take karce zai bayyana. Ka ja farcenka a kan tabo, in ya maƙale to ya yi zurfin da mai ba zai gyara ba. Ka bi ƙofofin ƙarfe da ɗan mayen ƙarfe a naɗe cikin ƙyalle, inda ya ƙi kamawa sosai akwai fila. Lambar jikin mota mai harafi da lamba 17 kuma, in daga Amurka ta zo, ana iya bincika tarihinta a intanet.

Shekaranjiya abokin nawa ya bugo mini waya, wai ya samo mini wata mai kyau in canja tawa. Na ce masa madalla, zan zo ranar Asabar da ƙarfe 12 na rana, da bokiti da omo, mu wanke ta tare kafin a yi maganar kuɗi. Ya ce bari ya tuntuɓi mai motar zai kira ni. Ina nan ina jiran kiran. Babinmu kuma sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.