RA'AYINMU: Masu Horar Da Wasa A Zangon Kwatano, Wa Ya Tsaya Musu?

Sanin kowa ne cewa babu wata sana'a ta Bahaushe da ke tafiya sakaka. Mahauta suna da Sarkin Pawa, wanzamai suna da Sarkin Aska, maƙera da nasu, dillalai da nasu. Baƙon da ya sauka a Zangon Kwatano da shanu ko albasa, ba wanda zai sakar masa kaya bashi sai an san maigidan da ya sauke shi, domin in ta ɓaci a san ƙofar da za a ƙwanƙwasa. Da wannan tsari ne kakanninmu suka yi fatauci daga Kano har Gwanja ba tare da takarda ko lauya ba.

To amma ga wata sabuwar sana'a ta shigo mana, tana cin kasuwarta a tsakanin matasanmu, ba ta da sarki, ba ta da mai tsaya mata. Ita ce sana'ar horar da jiki: mai koyar da yara ƙwallo, mai gidan ɗaga ƙarfe, mai tausa da ke bin ƙungiyoyin unguwa da jakarsa, da wanda ke bin alhazai da hajiyoyi har gida yana sa su motsa jiki a biya shi a wata. Duk wanda ya fita bakin teku a Fidjrossè da safiyar Asabar ko Lahadi zai ga yadda abin ya karɓu. Wannan jarida ba ta ƙyashin abincin kowa, hasali ma muna murna da duk matashin da ya samo hanyar halali. Abin da muke tambaya shi ne, wanda aka danƙa wa jikin ɗan Adam, wa ya tantance shi?

Maganar ta shafi ɗan kasuwa kai tsaye. Mutum ne da ke wuni a zaune a shago ko a bencin canji, in ya tashi kuma sai zaman mota na fiye da kilomita 700 daga Kwatano zuwa Malanville. Hawan jini da ciwon suga sun zama abokan zama a gidaje da dama. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce baligi na buƙatar aƙalla minti 150 na matsakaicin motsa jiki a kowane mako, likitoci kuma suna ta nanata wa marasa lafiya haka. Sai alhaji ya fito daga asibiti da wannan shawara, ya nufi yaron da ya ga ƙirjinsa ya fi na kowa faɗi. Faɗin ƙirji kuwa ba ilimi ba ne. Wanda ya karanci aikin, kafin ya sa dattijo ɗan shekara 55 gudu, sai ya auna jininsa, ya tambaye shi ko yana jin ciwon ƙirji ko haki in ya hau bene, ya san magungunan da yake sha. Ya san cewa mai hawan jini da ya riƙe numfashi yana kinkimar ƙarfe mai nauyi, jininsa na ƙara hawa nan take. Ya san mai ciwon suga da ya yi allurar insulin ya fita gudu ba komai a cikinsa, sugansa na iya faɗuwa ya yanke jiki. Wanda bai sani ba, abin da zai ce kawai shi ne "Alhaji daure, saura goma."

Idan dai ba a manta ba, a ranar 12 ga Agusta 1989 Samuel Okwaraji ya faɗi ya mutu a babban filin wasa na Legas, ana tsakiyar karawa tsakanin Nijeriya da Angola. Bayan fiye da shekara 30, a watan Maris na 2020, Chineme Martins na ƙungiyar Nasarawa United ya faɗi a Lafiya a wasansu da Katsina United, kuma rahotanni suka ce motar ɗaukar marasa lafiya da ke filin ta ƙi tashi. Shi ma ya rasu. A watan Yuni na 2021 zuciyar Christian Eriksen na Denmark ta tsaya a gaban idon duniya, amma waɗanda ke bakin fili suka ruga suka danna ƙirjinsa, suka sa masa na'urar farfaɗo da bugun zuciya, a 2022 ya dawo yana taka leda a Ingila. Rai na hannun Allah, babu mai ja da wannan. Sai dai shi ne kuma ya umarce mu da riƙon sababi, sababin nan kuwa shi ne mutumin da ya san abin yi a cikin mintoci ukun farko. In haka ta faru a manyan wasanni masu likitoci, ina ga gasar unguwa da ake bugawa a kan yashi da tsakar rana?

Ba wai babu wurin koyo ba ne. A Porto-Novo akwai makarantar INJEPS da ke horar da malaman wasanni da motsa jiki. A nan Kwatano akwai makarantar koyon gashin ƙashi a ƙarƙashin tsangayar kiwon lafiya ta Jami'ar Abomey-Calavi, wadda ta fara aiki tun farkon shekarun 2000 da taimakon ƙasar Beljiyam, kuma masu wannan aiki, waɗanda a nan ake kira kine, suna da ƙungiyarsu mai suna ABEKIR. Mai son zama kocin ƙwallo, akwai lasisin hukumar CAF hawa-hawa, daga matakin D na masu farawa zuwa C da B da A, kuma ta hannun hukumar ƙwallon ƙafa ta ƙasa ake shiga kwas ɗin. A tsallaken Seme, Nijeriya tana da Cibiyar Wasanni ta Ƙasa a Legas tun 1974, ƙungiyar masu gashin ƙashi tun 1959, da hukumar da ke yi musu rajista wadda aka kafa a 1988. Jami'ar Bayero ta Kano da ta Ahmadu Bello ta Zariya duk suna yaye ɗalibai a fannin wasanni da motsa jiki. Yamai ma tana da tata makarantar matasa da wasanni.

Nan ne ya kamata mai karatu ya natsu, domin takardu uku ne ake cuɗa wa mutane su. Shaidar karatu daban, izinin aiki na hukuma daban, katin ƙungiya daban. Ta farko tana cewa mutum ya yi karatu. Ta biyu tana cewa gwamnati ta yarda ya taɓa marasa lafiya. Ta uku tana cewa abokan sana'arsa sun san shi, sun duba takardunsa, kuma za su iya hukunta shi. Katin ƙungiya ba ya mai da koci likita, kamar yadda katin ƙungiyar direbobi ba ya zama lasisin tuƙi. Amma shi ne ya fi kama da maigidan da muka ambata a sama.

Dalilin da ya sa shaidar karatu ita kaɗai ba ta wadatar ba, mu a Kwatano mun fi kowa sani. A ƙarshen 2023 wani ɗan jarida daga Nijeriya, Umar Audu, ya fallasa yadda ya sami digiri daga wata jami'a mai zaman kanta a wannan birni cikin mako shida, bai taɓa zama a aji ba. A farkon Janairu 2024 gwamnatin Nijeriya ta dakatar da tantance digirin da aka samo daga Benin da Togo, abin ya shafi mai gaskiya da marar gaskiya. Takardar da za a iya saye kamar buhun shinkafa, ai dole a sami waɗanda za su juya ta su duba bayanta. Aikin ƙungiyar ƙwararru ke nan tun asali. A Amurka irin wannan ƙungiya ta masana lafiyar wasanni ta kafu tun 1954, kuma tana shirya jarrabawarta ga masu horarwa. A Afirka ta Kudu, mai yi wa marasa lafiya magani da motsa jiki sai ya yi rajista a hukumar da ke yi wa likitoci rajista.

Mun san abin da matasanmu za su ce, kuma ba duka ne shirme ba. Za su ce ƙungiyoyi da yawa ba su da aiki sai karɓar kuɗin shekara da rabon muƙamai. Za su ce ana taron da Faransanci mai nauyi, su kuwa allo suka yi, ko kuma sun bar boko tun daga firamare sun shiga kasuwa. Wanda ya yi karatu a Kano ko Zariya zai ce ya zo da takardarsa an ce sai an daidaita ta da ta ƙasar, abin da ke cin lokaci da kuɗi, domin yarjejeniyar zirga-zirga ta ECOWAS ta 1979 ta buɗe wa mutum iyaka ne, ba ta buɗe wa takardarsa ba. Duk wannan gaskiya ne. Amma wanda ya tsaya a waje ba ya gyara ƙungiya, kuma in an zo rabon gurbin kwas ko aikin horarwa a filayen wasa 22 da gwamnatin Patrice Talon ta gina a faɗin ƙasar, da sunayen da ke cikin rajista za a yi aiki. Yaran Zango suna da ƙarfi da hazaƙa, abin takaici ne a ce kullum su ne masu ɗaukar jaka, wasu ke riƙe da usur.

Su ma ƙungiyoyin da hukumomin wasanni akwai nasu nauyin. Ba daidai ba ne a zauna a ofis ana jiran mutumin da bai san da kai ba ya zo ya same ka. Kwas ɗin agajin gaggawa na kwana biyu ko uku, da tafinta na Hausa ko Dandanci, bai fi ƙarfin kowa ba. Ya kamata kuma a yi wa wanda ya shekara goma yana horar da yara wani mataki da zai shiga ta kansa, ko da bai da digiri, a koya masa iyakar aikinsa da inda dole ya miƙa wa asibiti.

Wannan iyaka ita ce ta kawo mu kan masu ɗori. Ba mu raina su ba, sana'a ce ta gado, kuma mutane sun amfana. Amma likitocin ƙashi, har da na asibitin Dala a Kano, sun sha ganin hannu ko ƙafar da aka ɗaure tamau da karare har jini ya daina gudana, ta ruɓe, a ƙarshe sai yankewa. Yaro ya karye a fili, kocin da ya san aikinsa hoton ƙashi zai fara nema kafin kowa ya ja ƙafar.

Sai kuma batun ƙwaya, wanda ba a son faɗa. A watan Fabrairu 2017 jami'an tsaro suka yi dirar mikiya a Adjégounlè, ɓangaren masu sayar da magani na kasuwar Dantokpa, suka kwashe tan-tan na magunguna, amma har yanzu tramadol da allurar ƙara tsoka ba su yi wa mai nema wuya ba. Allurar nan tana lalata hanta da zuciya, tana kuma rage haihuwa, abin da mai sayarwa ba zai taɓa gaya wa saurayi ba. Tun ranar 1 ga Janairu 2024 hukumar yaƙi da shan ƙwayoyin ƙara kuzari ta duniya ta haramta tramadol a lokacin gasa, ke nan yaron da aka saba masa da ita a unguwa, ranar da ya yi sa'ar zuwa babbar gasa gwaji ɗaya ya ishe shi. Kocin da ke cikin ƙungiya, in an kama shi da wannan, akwai inda za a kai ƙararsa a karɓe katinsa. Wanda ba ya cikin komai, unguwa kawai zai sauya.

Don haka muna kira ga shugabannin Zango da limamai da ƙungiyoyin 'yan kasuwa da su tara masu wannan sana'a su san adadinsu. Attajiran da ke sa kofi da rigunan ƙwallo a gasar Sallah, a cire kuɗin rago ɗaya a tura matasa biyu kwas ɗin lasisin D da na agajin gaggawa, kuma a daina sa kofi a gasar da ba ta da ko mutum ɗaya a bakin fili da ya iya danna ƙirji. Shi kuma uban da zai kai ɗansa wurin koci, ko mai gidan da zai bar wata ta shigo ta horar da iyalinsa, ya tambaya a ina aka yi karatu da wace ƙungiya ake ciki, ya karɓi katin ya duba ko na bana ne, sannan ya buga wa ƙungiyar waya ya ji ko sunan yana cikin littafinsu kafin ya biya kuɗin wata na farko.