Kada Mu Bari A Zubar Da Ruwan Batir A Ƙasarmu

'Yan'uwa manoma, tun da sola ta shigo ƙauyukanmu batir ya zama kayan gida kamar fartanya. Da shi muke kunna fitila, mu yi cajin waya. Amma mutum nawa ne cikinmu suka san abin da ke cikin akwatin nan?

Ruwan batir irin na mota, wajen kashi ɗaya cikin uku asid ne, sauran kuwa ruwa. Yana cin tufa, yana ƙona fata, in ya shiga ido yana iya makantar da mutum. Allunan da ke jiƙe cikinsa na dalma ne. Kwanan baya na iske wani mai sayen tsofaffin batura ya kife guda biyu a bakin lambu, wai don kaya su yi masa sauƙi. Raina ya ɓaci ƙwarai. Ruwan nan yana fitowa da dalma, ita kuwa dalma ba ta ruɓewa. Nan za ta zauna inda yara ke wasa, kaji suna tono.

Ba tsoratarwa nake yi ba. A Thiaroye, kusa da Dakar ta ƙasar Sanagal, yara 18 suka mutu tsakanin 2007 da 2008, saboda ƙurar dalmar tsofaffin batura da ake fasawa a unguwarsu.

Masana suna ƙoƙari. Akwai batir rufaffe wanda aka daskarar da asid ɗinsa kamar kamu, ba ya zuba. Batir na litiyam ba shi da dalma, amma ruwansa yana kama wuta, shi ya sa ake neman a maye shi da abu mai tauri. Madalla, sai dai ba za mu naɗe hannu muna jiransu ba.

A ganina, in ƙungiya za ta sayi batir, ta daure ta ƙara kuɗi ta sayi rufaffe. Matattun kuma a tara su wuri guda da ruwansu, a sayar wa wanda zai ɗauka haka nan. Wanda ya ce sai ya zubar, ya tafi wani gari.

Mai tsohon yayi ya riƙa ƙara tataccen ruwan kanti kaɗai, ban da na rijiya. Kada a kawo wuta kusa lokacin caji, gama iskar da ke fita tana fashewa. In asid ya zube a ƙasa, a barbaɗa kanwa. In a ido ne, a yi ta kwarara ruwa mai tsabta minti 15, sa'an nan a tafi asibiti.